Cutar asma ta tsaya min a hanyar nutso a Zanzibar

Assalamu alaikum jama'a. Daga Katsina nake. Shekara biyu ina tara kuɗi don in je tsibirin Zanzibar in koyi nutso da tukunyar iska, in samu shaidar PADI (ƙungiyar horar da masu nutso) ta zurfin mita 18. Har na biya kuɗin jirgi, sai makarantar koyon nutson ta turo fom: mai asma sai likita ya sa masa hannu. Tawa kuwa sai hazon hunturu ke tayar da ita, rabona da abin shaƙa tun Janairu. Likitan da na gani ya jujjuya takardar, ya ce bai san harkar nutso ba. Wallahi abin ya dame ni. Don Allah wane gwajin huhu zan nema, kuma a ina, Kano ko Abuja?