Outreach a bakin 'yan Kweka: wa'azi ne ko me?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina fassara wani rubutu kan 'yan Kweka, ɗariƙar Kiristocin da George Fox ya assasa a Ingila wajen 1652, sai kalmar Turanci outreach, wato yadda suke sanar da na waje ɗariƙarsu, ta tsaya mini a wuya.

2/ Da farko na rubuta "wa'azi", na goge. 'Yan Kweka na Birtaniya ba su da fasto, ba su da mumbari. Zama suke yi shiru kusan awa guda, wanda abu ya zo wa zuciya ya tashi ya faɗa, ya zauna. Mutanen da ibadarsu shiru ce, ta yaya zan ce suna wa'azi? "Da'awa" kuma ta riga ta sa rawani, mai karatu zai ɗauka Musulmi ake nufi.

3/ Wani ya ce in sa "miƙa hannu". A kunnen Bahaushe wannan ko taimako ne ko roƙo. Taimakon kuwa suna yi, har ƙungiyoyinsu biyu suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1947, amma sunansa aikin agaji.

4/ Ga abin da suke yi. A Landan, a 2002, sun fara wani shiri mai suna Quaker Quest: a buɗe ƙofa da yamma, mutum uku su faɗi yadda suka samu kansu a ɗariƙar, baƙi su yi tambaya, a ɗan yi shirun tare, kowa ya kama gabansa. Ba a ce wa kowa ya tuba. "Tallar kai" ta zo mini, amma da ƙyar mai kunya zai yarda a kira shi ɗan talla.

5/ Na tsaya kan "zo-ka-gani", gininta irin na kalmar ka-ce-na-ce. Aikin zo-ka-gani, kwamitin zo-ka-gani. Ta hau baki.

6/ Wata malama ta yi mini gyara cewa ba duk 'yan Kweka ne masu ibadar shiru ba. Malama, kin yi gaskiya. A Kenya, inda 'yan mishan daga Amurka suka sauka a Kaimosi a 1902, kuma inda 'yan Kweka suka fi yawa a duniya yau, akwai fastoci da waƙoƙi da fita neman tubabbu. Can "bishara" ce kai tsaye. Zo-ka-gani ta masu shiru ce kawai, haka zan rubuta a fassarar.