Addu'ar dare da lasifika: ibada ce ko hayaniya?

Tela: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau kam sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Juma'a uku ke nan a jere ba mu runtsa ba a gidanmu. Wata majami'a da ke bayan katangarmu, ba zan kira suna ba, ta ɗora lasifika biyu bisa kwano, ɗaya bakinta na kallon tagar Iya sak. Daga ƙarfe 10 na dare ake farawa, ba a tashi sai wajen 4 na asuba. In aka ɗauke wuta ka ce ka huta, sai a tada gurup, wato injin wuta, ƙara ta zama biyu. Iya ta haura shekara 70, ga hawan jini, likita ya ce barci shi ne rabin maganinta. Na je na sami mai kula da wurin, na gaishe shi da ladabi, na yi masa bayani. Budar bakinsa sai ya ce yaƙin ruhu ake yi, in shigo a yi da ni. Ni Kirista ne ɗan Kirista, ba yau na fara durƙuso ba. Abin da aka koya mini a Matiyu 6:6 shi ne ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa, ka yi magana da Ubanka da ke gani a ɓoye. Addu'ar da sai an sa mata lasifika, unguwa ake yi wa ita, ba Allah ba. Wannan hayaniya ce kawai.

Mai Gita: Hayaniya? Yaya, addu'ar 'ya'yan Allah ce ka kira hayaniya? Ka goge kalmar nan tun ba ta zame maka abin tambaya ba.

Tela: Ƙanena, ka karanta duka abin da na rubuta. Maganar Iya nake yi.

Mai Gita: Na karanta. Allah ya ba Iya lafiya. Amma hayaniya a tasha ake yin ta, ko a Babbar Kasuwa in an kama ɓarawo. Abin da ake yi a gidan Ubangiji sowa ce. Zabura ta 100 ta buɗe da cewa duniya duka ta yi sowa ta murna. Zabura ta 150 ta lissafa ƙaho, molo, garaya, ganga, kuge masu ƙara. Masu ƙara fa, ba masu raɗa ba.

Malamin Lakol: A wace fassara ka ga "sowa"? Ina tambaya ne domin littattafan da ke hannunmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohon Littafi Mai Tsarki na 1932, akwai wanda ya fito a 1979. Tun daga sunayen littattafai ma sun bambanta, tsohon ya ce Matta da Yohanna, na bayan ya ce Matiyu da Yahaya. Ka ɗauko hoton shafin mu gani.

Mai Gita: Ina kan babur, Malam. Littafina na gida.

Malamin Lakol: To. Kuma a Hausa ma sai mun rarrabe. Sowa ta murna ce, ihu na tsoro ko neman agaji, kururuwa ta fi ihu, hayaniya kuwa muryoyi ne da yawa a cakuɗe, ba ka iya tsintar maganar kowa. In mutum 40 suna addu'a lokaci guda, kowa da tasa, cikin makirfo ɗaya, wanda ke bayan katanga me zai kira ta? Ni ina ga Tela bai zagi kowa ba, ya siffanta abin da kunnensa ya ji.

Mai Gita: Kunnen jiki ke nan.

Baba Dattijo: Yara, ku saurara. Sa'ad da munka taso, sujada ta ranar Lahadi ba ganga, ba tafi. A ɗauko littafin waƙoƙi, a kira lamba, a raira a tsaye, a zamna. Mutum guda ya yi addu'a, sauran su ce amin. Haka munka gada daga waɗanda sunka koya wurin 'yan mishan na SIM. Sun sauka Damagaram a 1924, daga baya sunka zo Tibiri, sunka yi asibitin Galmi a 1950, sunka yi na kutare a Danja. Duk wannan aiki ba da lasifika anka yi shi ba. Hannatu da ta roƙi ɗa, 1 Sama'ila sura 1, leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli ya zaci ta sha ta bugu. An amsa mata ko ba a amsa ba? Masu ihu daga safe har tsakar rana bisa Dutsen Karmel annabawan Ba'al ne, su 450, har Iliya na yi musu ba'a cewa su ƙara murya, wataƙila allahnsu barci yake.

Mai Gita: Baba, da girmanka, yanzu mu ne annabawan Ba'al?

Baba Dattijo: Ban kira sunan kowa ba, ɗana. In takalmi ya yi maka daidai, ba ni na auna ƙafarka ba.

Uwar Zumunta: Baba, ka yi mini gafara, amma maganar ganga kar ka tono ta. Turawan nan sun hana ganga domin a ganinsu duk kiɗan Bahaushe bori ne. Ba aya suka kawo ba, tsoro ne. Mu mata mu ne muka dawo da kiɗa cikin majami'a, da tulunmu da kacau-kacau, dattawa na harararmu. Yau in Zumuntar Mata ta tashi waƙa, ku ne na farko wajen kaɗa kai. Ni na gan ka da idona a bikin Kirsimeti, ƙafarka na bin kiɗa ƙarƙashin benci.

Baba Dattijo: Sanyin ƙashi ne ke damuna, ba kiɗa ba.

Bagobiri: Baba ya faɗi gaskiya guda, bishara Tibiri ta fara sauka kafin Maradi. Ku Katsinawa kun zo daga baya kuna ɗaga murya don a san kuna nan.

Uwar Zumunta: Kai kuma wa ya kasa da kai? Kilomita nawa ne tsakanin Tibiri da Maradi da za ka riƙa yi mana gori? In kun ƙare alfaharin, nan kuke zuwa cin kasuwa.

Bagobiri: Muna zuwa ne mu duba lafiyar bayinmu, Mama.

Nas: Don Allah ku bar wasan nan. Tela, an auna jinin Iya da safiyar Asabar? Mai hawan jini in ya rasa barci lamba na iya hawa. Ku auna ranar Alhamis, ku sake aunawa Asabar da safe, ku rubuta a takarda, ku kai wa faston wurin da kanku, ba mai gadi ba. Kuma ku duba Karin Magana 27:14. Wanda ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya tun da sassafe, la'ana za a lissafa masa. Albarka fa aka ce, ba zagi ba.

Mai Gita: Bulus da Sila fa? Ayyukan Manzanni 16:25. Tsakar dare, cikin kurkukun Filibi, suna addu'a suna waƙa, sauran 'yan sarƙa na jin su. Ba wanda ya je ya ce musu ku rage, ana barci. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Garun Yariko da me ya faɗi? Da raɗa? Bartimawas makaho da aka ce ya yi shiru, ƙara ɗaga murya ya yi, shi ya sa Yesu ya tsaya. Ibraniyawa 5:7 ta ce Yesu kansa ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye. Duk wannan hayaniya ce?

Malamin Lakol: Bulus da Sila da maƙogwaronsu suka yi, ba su da gurup. Kuma Bulus ɗin nan shi ya rubuta wa Korantiyawa, sura 14, cewa in baƙo ya shigo ya tarar kowa na magana da harsuna zai ce mahaukata ne, ya kuma rufe da cewa a yi kome da tsari.

Mai Gita: Yanzu kuma mahaukata. Da hayaniya, da Ba'al, da hauka. Ina ajiye su duka.

'Yar Katolika: Mu dai a katidral ba mu da wannan matsala. Mun san lokacin waƙa, mun san lokacin shiru. Daren Ista ma muna tsaro, da kyandir a hannu, maƙwabta ba su taɓa kai ƙararmu ba. Shiru gaban Allah shi ma addu'a ne, abin da mutane ba su gane ba ke nan.

Bagobiri: 'Yar'uwa, ke kam ki yi shiru ɗin naki. Ayar da Tela ya kawo, ta bayanta, Matiyu 6:7, ta hana maimaita magana. Ku da ke jan carbi kuna nanata abu ɗaya sau 50?

'Yar Katolika: Maimaici na banza aka hana. Yesu a Gatsemani sau uku ya koma yana faɗin magana ɗaya. Ku da kuke rera baiti guda na minti 20 har mai ganga ya yi gumi, wannan ba nanatawa ba ce?

Baba Dattijo: Nan kam ɗiyata ta yi gaskiya, ko da yake ku jiya-jiya kunka samu bishop naku a Maradi, 2001.

'Yar Katolika: Baba, Cocinmu ta girmi SIM da shekara fiye da dubu.

Tela: 'Yan'uwa, ni ban kawo maganar carbi ba, ban kawo ta Tibiri ba. Lasifika ɗaya nake so a juya.

Mai Gita: Tambaya ɗaya zan yi maka, Yaya. Masallaci nawa ne a unguwarku? Kullum asuba ana kiran salla da lasifika, goman ƙarshe na azumi ana tahajjud bayan dare ya raba. Ka taɓa zuwa nan ka rubuta "hayaniya"? Sai naka ka ga damar yi wa. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, in mun yi shiru gaba ɗaya sai a manta muna nan.

Tela: Kiran salla minti nawa ne? Iya ta saba da shi tun tana budurwa, da shi take tashi yin nata durƙuson. Maƙwabcinmu Alhaji shi ya fara tambayata ko lafiya Iya take, domin shi ma ba ya barci, amma kunya ta hana shi magana kada a ce don addini ne.

Uwar Zumunta: Wannan magana ku sassauta ta. Wanda ya ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ya kuma ga Yunin 2019 da aka sa wa ta unguwar Zariya wuta a nan Maradi, ba ya wasa da zaman unguwa. Ban ce lasifika ta jawo ba, dalilan can daban ne. Amma ran da abu ya tashi, maƙwabcin da kake gaisawa da shi shi ke tsayawa a ƙofarka.

Mai Gita: Wato tsoro zai hana mu addu'a.

Uwar Zumunta: Ɗana, na haifi wanda ya girme ka. Kar ka sa mini magana a baki.

Bagobiri: Ni dai na san irin majami'un nan. Daga Najeriya aka kwaso salon, da kwat da farin hankici. Tela, faɗa mana, fasto ɗan ina ne?

Tela: Ɗan garin nan ne, tare muka yi lakol.

Bagobiri: To a can ya koyo.

Mai Gita: Littafin waƙoƙin da Baba ke alfahari da shi daga ina ya zo? Ba daga Najeriya ba? Littafi Mai Tsarki na Hausa fa, a Tibiri aka fassara shi?

Malamin Lakol: Har yanzu muna jiran hoton Zabura ta 100.

Mai Gita: Malam, tun da ka iya jira, mu ma muna jiran jika 5 ɗin da ka yi alkawari na gyaran ganga tun bikin girbi.

Malamin Lakol: Wannan ba wurin maganar ba ne. Kuma jika 3 na ce.

Uwar Zumunta: 5 ka ce, ina wurin.

Nas: Tela, ka ga saƙona na awon jini?

Magatakarda: Salama. Na dawo daga aiki na tarar da saƙo ya taru, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun da ni aka ɗora wa kula da zauren nan, ga abin da aka tsayar. An yarda cewa kalmar "hayaniya" ba ta dace da addu'ar tsarkaka ba, muna roƙon ɗan'uwa Tela ya janye ta cikin ƙauna. An kawo ayoyi masu yawa da ke nuna ɗaga murya cikin ibada tun daga Yariko har Filibi, ba kuwa wanda ya iya rushe su. Baba ya tuna mana da zamanin da, mun gode, amma kowane zamani da kayan aikinsa. Maganar Ba'al da ta mahaukata mun ɗauke su a matsayin suɓutar baki. Ta carbi a bar ta sai wani lokaci.

Abin da ni na lura, kuma na san aikin domin shekara 12 ina haɗa sauti a majami'u da wuraren biki, laifin ba na addu'a ba ne, na kaya ne. Lasifikar kwano mai arha tsage murya take yi, shi ya sa mai ji daga nesa zai zaci faɗa ake. In an sa kaya masu kyau, aka daidaita su, maƙwabci ma albarka zai samu yana kwance. Duk majami'ar da ke da addu'ar dare a watan nan ta neme ni a gefe, akwai ragi ga 'yan zaure. Malam, a kawo jika 5 ɗin kafin Lahadi. Muna yi wa Iya addu'ar samun sauƙi. Na rufe maganar.

Tela: Ban janye ba. Kuma jibi Juma'a.