Bindigar airsoft mai yoyon iska: shawarwarin 'yan Nima

Wani matashi a unguwar Nima da ke Accra ya kawo kuka cewa bindigarsa ta airsoft mai batir, wato bindigar wasa mai harba ƙwayar roba da ƙarfin iska, ta daina jifa da nisa, ƙwayar tana faɗuwa kusa. Masu harkar suka yi ta ba shi shawara.

Yawancinsu sun ɗora laifin kan zoben roba na kan fistan, wato abin da ke matsa iska a cikin silinda. Aka ce ya cire batir, ya buɗe giyabos, wato akwatin giya na cikin bindigar, ya toshe bakin silinda da yatsa, sannan ya tura fistan. Idan ya shige salin-alin, iska na gudu. Magani shi ne sabon zobe da ɗan man silikon. Ban da man inji ko man fesawa na WD-40, domin suna kumbura roba. Wani ya ƙara da naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a kan murfin silinda, kuma a ganina wannan dabara ce mai arha.

In nan lafiya lau, sai a duba bututun da ke tura ƙwaya da robar hop-up mai sa ƙwaya juyawa don ta yi nisa, wadda kan tsage.

Wani ya ce a sa sifirin mai ƙarfi kawai. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, toshe yoyon tukuna, kada ka karya haƙoran giya."