Gwajin ƙurar silika ta nano a huhun ɓeraye: a shaƙar musu ko a ɗura?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirin gwada silika wadda ba ta kiristal ba, mai ƙwayoyi kimanin nanomita 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a huhun ɓeraye. Ɗura ta cikin maƙogwaro da sirinji zai wadatar a madadin shaƙa, tunda na'urar tayar da ƙura ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba? Kuma yaushe ya dace a duba huhun?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam Malama. Ya danganta da abin da kike nema. In so kike ki jera nau'o'in silika ki ga wanne ya fi cutarwa, ɗurawa ta isa. In kuwa adadin da ba ya cutarwa a iska ake nema, ba za ta yi ba. Abin da ɓera zai shaƙa cikin makonni kin zuba masa cikin daƙiƙa ɗaya, ya taru a wani sashe na huhu, wani sashen ko ɗigo bai samu ba. Kumburin da za ki gani wani ɓangarensa na ambaliyar ne, ba na silikar ba.

Ga lissafi: ɓera na shaƙar kusan lita 0.2 a minti. A awa 6 lita 72 ke nan. In iskar na ɗauke da miligiram 5 a kowace mita kubik, ya shaƙi miligiram 0.36 a yini, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ke sauka can ƙuryar huhu.

Ƙa'idojin gwajin shaƙa na OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, su ne 412 na kwana 28 da 413 na kwana 90, an sabunta su a 2018. Awa 6 a yini, kwana 5 a mako, matakai uku na yawan ƙura da rukunin da ke shaƙar iska zalla. A 412 maza 5 mata 5 kowane rukuni, a 413 goma-goma. An fi son shaƙa ta hanci kawai, domin in an sa dabbar gaba ɗaya a akwati ƙurar na manne wa gashinta, ta lashe ta haɗiye.

Mai Awon Ƙura:
Malam ya gama magana, sai dai ƙari. Nanomita 20 ɗin nan a takardar kamfani yake, ba a iska ba. Silika na dunƙulewa, musamman wadda aka yi ta hanyar ƙonawa, kuma dunƙulen ne ke shiga hanci. Ƙa'ida ta ce matsakaicin girman, wato MMAD, kada ya wuce maikromita 2 (nanomita 2,000). In ya wuce, hancin ɓera ne zai tace ta, ki ce ba ta da illa alhali ba ta kai huhu ba. A riƙa ɗibar iska daga daidai hancin dabbar, a auna nauyin ƙurar da ta taru a takardar tacewa, kada yawan ƙurar ya kauce daga matsakaicinsa fiye da kashi 20 cikin 100. Laima tsakanin kashi 30 zuwa 70.

Kafin komai a gwada garin ko yana da endotoksin, wato gubar da ke fitowa daga jikin ƙwayoyin cuta. Ɗan gurɓacewa kaɗan zai cika huhu da nutrofil, fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa wurin kumburi, a ɗora wa silika laifin ƙwayoyin cuta.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Saura batun lokaci.

Likitar Dabbobi:
'Yar'uwa, nan ne aka fi yin kuskure. Silika irin taki tana narkewa a hankali ta bar huhu, kumburinta yakan yi tsanani da farko sannan ya lafa. Ta kiristal, irin kwaz (dutsen quartz), tana zama, ciwon ya ci gaba har huhu ya yi tabo. Ta kiristal ɗin ce IARC, hukumar binciken sankara ta duniya, ta sa a rukuni na 1 na masu jawo sankara tun 1997. In kin duba sau ɗaya washegari, taki za ta iya fin kwaz muni a ido. Don haka a duba rukunin farko na dabbobin cikin awa 24 bayan shaƙar ƙarshe, sannan a ajiye wasu dabbobin a duba bayan makonni, ni dai na fi son 4 da 13. A sa rukunin kwaz, kamar nau'in da ake kira DQ12, don kwatanci.

Huhun dama a wanke shi da ruwan gishiri, a ƙirga makrofaj (ƙwayoyin jiki masu haɗiye ƙura) da nutrofil, a auna LDH (sinadarin da ke fita in ƙwayoyin jiki sun lalace) da furotin. Na hagu a cika shi da fomalin, ruwan adana nama, a matsin ruwa na santimita 20 zuwa 30. In an matsa da hannu jakunkunan iska sukan yage, in bai cika ba su lotsa su yi kama da tabo.

Wajen auna silikar da ta rage a huhu kada gilashi ya taɓa samfurin, don gilashi kansa silika ne. Roba kawai. Kuma ƙwayoyin silikar na iya riƙe LDH a jikinsu, awo ya fito ƙasa da gaskiya, saboda haka a zuba sanannen adadin LDH cikin ruwa mai silikar a ga nawa ya dawo kafin a yarda da lambobin.