Hedifon mai tsada na hannu: a gyara shi ko a ƙara kuɗi a hau na sama?

Ɗalibin haɗa sauti, Mamobi

Assalamu alaikum, manyanmu. Ga Sennheiser HD 650 na hannu a gabana. Matasan kunnensa sun lotse, sautin kuma ya dushe kamar an rufa wa sifika bargo. Da waya da kwamfuta nake jona shi. Wasu sun ce in buɗe shi in cire soson ciki, wasu sun ce in sayar in ƙara kuɗi in nemi HD 800 S ko Sundara na kamfanin HiFiMan. Wanda ya taɓa buɗe irinsa, ko ya jera su ya saurara, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar.

Mai gyaran kayan sauti, Zongo Lane

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka taɓa soson ciki tukuna. Bargon da kake ji, matashin ne. Idan ya lotse sifikar tana matsowa kusa da kunne, sai ƙasan sautin ya kumbura, saman kuma ya ja baya. Galibin HD 600 da HD 650 da ake kawo mini da wannan kuka, sabon matashi kaɗai ke warkar da su.

Cire shi ba ya bukatar sukudireba. Ka sa yatsa ta ciki ka ja, zoben robar zai fito. A ƙarƙashinsa akwai siririn soso mai siffar ƙwai. Idan ya fara marmashewa ka sauya shi tare da matashin, yawanci tare suke zuwa. Wurin mayarwa ka bi gefen zoben kana dannawa har ka ji ƙas-ƙas ta kowane ɓangare. Idan gefe ɗaya bai shiga ba, kunne ɗaya zai fi ɗaya kauri, ka zauna kana zargin sifika.

Abu biyu ke ɓata wannan aikin. Na farko jabun matashi, wanda a ido ba ka raba shi da na asali, amma sosonsa ya fi tauri kuma ya fi tudu, sai muryar mutum ta koma nesa. Na biyu matashin fata. An auna wannan hedifon ne da ƙyalle mai barin iska ta ratsa. Ka sa masa fata, bes, wato ƙasan sautin, ya toshe, tsakiyar da ake sayen HD 650 dominta ta tafi.

Injiniyan situdiyo, Nima

Masta ya gama magana a kan matashi. Ni kan kwatantawar zan tsaya, don a nan kuɗin mutane ke zubewa. Kunne yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin desibel 1 ne a ma'aunin ƙara. Mai sayarwa ba sai ya yi maka ƙarya ba, ya ɗan murɗa ƙarar kawai ya isa.

Idan amfilifaya biyu kake gwadawa da hedifon ɗaya, mitar auna bolt ta wadatar. Ka kunna sautin gwaji na 400 Hz, ka auna bolt a bakin filogi alhali hedifon na jone, ka daidaita su biyun. Na ce 400 ne saboda mitoci masu araha sun fi gaskiya a ƙasa-ƙasa, suna fara kuskure idan aka hau sama. Bambancin kashi 6 cikin 100 a bolt daidai yake da rabin desibel, to kada ka bari ya kai haka.

Idan kuwa hedifon biyu ne mabambanta, bolt ba zai gaya maka komai ba, don kowanne da ƙarfin jinsa. Ka huda tsakiyar kwali mai kauri, ka cusa ƙaramin makirfo, ka manna kwalin a kan matashin, ka kunna shuuu ɗin gwaji, ka daidaita da abin da makirfon ya karanta. Sannan yanki ɗaya na sakan 20 za ka riƙa maimaitawa. Ni nakan ɗauki muryar namiji yana magana ba kiɗa, da kalangu, da goge. Kalangu yana tona bes mai jan ƙafa, goge yana tona sama mai yanka.

Da aka daidaita ƙara, ga abin da nake ji. HD 800 S ya fi HD 650 faɗin fili nesa ba kusa ba, kana iya nuna inda kowane makaɗi yake zaune. Amma a murya tsirara, HD 650 mai sabon matashi bai bar masa komai ba. Shi kuwa HD 800 S sabo ya haura dala 1,500, alhali HD 6XX, wanda Massdrop ta fitar a 2016 kuma kusan shi ne HD 650 da wani fenti, wajen dala 200 aka sayar da shi lokacin da ya fito.

Malamin lantarki, Asawase, Kumasi

Ɗana, ka ce da waya kake jona shi. Wace igiya? Turjiyar HD 650 om 300 ce, kuma bolt 1 yana ba shi desibel 103. 'Yar igiyar USB-C ta Apple, wadda ke jona hedifon da waya, iri biyu ce: ta Amurka tana fitar da bolt 1, ta Turai rabin bolt. Kayan da ke shigo mana daga Ingila da Jamus suna da yawa, don haka ka duba taka. Rabin bolt ya rage desibel 6, saura 97, kuma wannan shi ne ƙololuwa. Idan ka ƙara bes a ikwalaiza, manhajar daidaita sauti, ka rage ƙarar gaba ɗaya da 5, saura 92. Kiɗan da aka ɗauka da kyau matsakaicinsa yana ƙasa da ƙololuwar da desibel goma sha wani abu. Za ka ji shi, amma babu rarar da ganga za ta buga ta fito. Abin da ke fitar da bolt 2 ya ishe shi har da saura, ba sai ka sayi akwatin da ya fi hedifon tsada ba.

Sai turjiyar mafitar amfilifaya. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon: om 37 ga mai 300, om 4 ga mai 32. Turjiyar HD 650 ba a tsaye take ba, tana haurawa sama da 400 a wajen 100 Hz. Shi ya sa a kan amfilifayar kwalba, wato mai bawul, mai babbar turjiya bes ɗinsa ke ƙara kauri, mutane su ce kwalba ta yi sihiri. Rabon bolt ne kawai.

Gargaɗi ga masu aiko da kaya daga Amurka: wutarmu ta Ghana bolt 230 ce. Wasu ƙananan amfilifaya suna zuwa da adafta mai tiransifoma ta 120 zalla. Ka karanta jikinta. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, jonawa ɗaya ce, sai ƙauri. Kuma idan an ɗauke wuta ka zare hedifon daga amfilifaya kafin a dawo da ita.

Mai tace murya a gidan rediyo, Madina

Injiniya, ban yarda a bar maganar HD 800 a faɗin fili kawai ba. Na farkon, na 2009, yana da tsini a wajen 6 kHz. Shi ya sa kamfanin ya sa nasa maganin a HD 800 S, masu gyara kuma suka riƙa cusa ɗan zoben ƙyallen ulu a ramin tsakiyar sifikar na farkon. DT 990 na Beyerdynamic shi ma nasa tsinin yana wajen 8 kHz. Mu masu aiki da Hausa ba ma bukatar na'ura kafin mu gane: ka saurari mai karanta labarai yana cewa "tsattsauran mataki" ko "shirye-shirye". Idan tsa da sha suna tsira maka allura, tsinin ne.

Masu sa falle ɗaya ko biyu na tishu a ƙarƙashin matashin DT 990 suna rage zafin, gaskiya ne, amma tishu ba ya zaɓe, duk saman yake dannewa. Ikwalaiza ta fi tsabta kuma kyauta ce: Equalizer APO a Windows, Wavelet a Android. Ga DT 990 ka rage desibel 4 ko 5 a 8 kHz, Q (lambar faɗin wurin da ake ragewa) wajen 3, ka riƙa matsar da lambar kaɗan-kaɗan, don inda tsinin yake sauka ya danganta da kunnen mutum. Ga HD 650 na yaron nan, ka ɗaga duk abin da ke ƙasa da 105 Hz da desibel 4 zuwa 5, ka rage ƙarar shiga da adadin da ka ɗaga. Wanda ya manta wannan ragin zai ji kar-kar idan ganga ta buga, ya ɗauka sifika ta yage.

Injiniyan situdiyo, Nima

Hajiya, na karɓa. Tsa ɗin nan ta fi duk wani sautin gwaji da nake da shi.

Mai haɗa waya, Sabon Zango

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin buɗe hedifon, ya nemi Fostex T50RP ya huce a kansa, ya bar HD 650 lafiya. Cire soson bayan sifikar HD 650 yakan kai mutum ga yanke robar da ke riƙe da shi, kuma abin da aka yanke ya yanku, farashinsa na hannu ma ya faɗi.

T50RP kuwa kamar don gyara aka yi shi. Ka cire matashi, ka kwance sukurorin faifan da sifika ke kai, ka ɗaga a hankali don wayoyin ciki gajeru ne. Ka cika ramukan bayan faifan da yumɓun wasan yara marar bushewa, ya yi nauyi ya daina rawa. Ka shimfiɗa siririn soso ko ƙyallen ulu a cikin kofin, sannan auduga a barbaje, ba a dunƙule ba. Dole ka auna da sikelin masu zinare, gefen hagu da na dama su zo daidai, ko da giram 1 ne kowanne. Auduga ta yi yawa, bes ya mutu, sama ya yi tsawa. Ta yi kaɗan, bes ya yi ta gurnani. Ramukan iska na jikin kofin kuma da salatef ake wasa da su, ka rufe rabi ka saurara. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, a gefe ɗaya, ɗayan gefen ya zama shaida. Ka rubuta abin da ka sa a takarda, don bayan buɗewa ta biyar ba za ka tuna ba.

Teburin ya zama fes. Irin wannan sifikar, da ta Sundara, siririn tantani ne tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi. Ɗan burbushin ƙarfe ya shiga, sai zizar da ba ta fita. Kada kuma ka danna kofin a kan tebur ko a kunne da ƙarfi, iskar da ta matse tana iya yamutsa tantanin.

Kan wayar hedifon: ban taɓa jin bambancin jan ƙarfe da azurfa ba idan tsawonsu ɗaya kuma an daidaita ƙara. Sauyin da ke da amfani shi ne mai da wayar DT 770 ko DT 990 ta zama mai cirewa. Wurin dalma ka sa ƙarfen a wajen digiri 330, ka shafa wa bakin wayar dalma tun kafin ka kai ta, kada ka wuce sakan 2 zuwa 3 a kan ƙafar sifika. Zaren kwayil ɗin kamar gashi yake, zafi ya yi yawa ya saki. Ka ɗauki hoton launukan kafin ka cire. Idan ka juya ƙafafun gefe ɗaya, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiyar kai za ta watse, bes ya ɓace. Mai son filogin XLR mai ƙafa huɗu: 1 da 2 na hagu, 3 da 4 na dama, 1 da 3 su ne masu alamar +. Kada a sa adafta a cusa waya mai ƙafa uku a irin wannan mafitar, haɗe ƙafa ta 2 da ta 4 yana iya ƙona amfilifaya.

Mai gyaran kayan sauti, Zongo Lane

Ƙari kan iskar Accra. Danshin teku da gumi suna cin fatar roba, ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a kumatu. Na ƙyalle ana wanke shi da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa kwana biyu. Ka mayar da shi da ɗanye, sai wari da fumfuna. Wankin yana cire datti ne, ba ya tayar da soson da ya riga ya kwanta. A ajiye hedifon a akwati da 'yan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin takalmi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, buɗaɗɗen baya ba a rataye shi a fili.

Darajar hedifon a nan garin ba ta rabuwa da samun kayan sauyinsa. HD 600 tun 1997 ake yin sa, HD 650 tun 2003, kuma matashi da waya da soson kai duk da hannu ake cire su. Mai tsadar da aka manne matashinsa da gam, ka tambayi yadda za ka samo wani kafin ka biya.

Ɗalibin haɗa sauti, Mamobi

Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan fara da matashi. Amma Masta, kunnen dama yana ɗaukewa idan na juya kai. Sifikar ce?

Mai gyaran kayan sauti, Zongo Lane

Da wuya. Ka musanya filogin hagu da na dama. Idan ɗaukewar ta koma hagu, waya ce. Idan ta tsaya a dama, 'yan ƙananan sifirin da ke cikin ramin filogin ne suka yi datti ko suka saki. Ka goge ƙafafun biyu da auduga da ɗan sifirit, ka shigar ka fitar sau biyar ko shida. Ka lura ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, kuma harafin R yana kallon waje.