Matashin kwatabak a ƙungiya mara ƙarfi: me kuka gani da idonku?

Baban Yara, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ɗana shekararsa 16, yana buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kocin makarantarsu ya ɗora shi a matsayin kwatabak, wato shi ke karɓar ƙwallo ya jefa, shi ke jan ragamar hari. Damuwata ita ce yaran nan biyar da ke tsayawa gabansa su tare masa farmaki ba su da jiki, uku daga cikinsu ma bana suka fara. Mahaifiyarsa ta ce a cire shi. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan, a makaranta ko a NFL, babbar gasar ƙwararru, ya gaya mana yadda ta kaya.

Tsohon Direba, Houston:
Wa alaikumus salam. Ni David Carr na gani, kwatabak ɗin ƙungiyarmu ta nan Houston. A 2002 ƙungiyar Texans ta fara wasa, shi ta fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Wasansu na farko suka doke Dallas Cowboys da ci 19 da 10. Ina tuƙin tasi lokacin, duk wanda na ɗauko daga bakin fili a daren nan sunan yaron ne a bakinsa. Kafin kakar ta ƙare an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76, kuma har yau ba a sake yi wa kowa haka a kaka ɗaya ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba adadin ba ne, yadda ya koma ne daga baya. Da an miƙo masa ƙwallo, maimakon ya ɗaga kai ya nemi masu cafewa can gaba, sai idonsa ya sauka kan ƙattan da ke tahowa. Wani lokaci babu kowa kusa da shi, amma ka ga ya fice a guje. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Bayan kaka biyar suka sallame shi. Yaron nan yana da hannu, wallahi yana da shi.

Maman Hanifa, Cincinnati:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma mu nan abin da muka gani ya ɗan bambanta. A Nuwamban 2020 ina bakin aiki a asibiti, a talabijin ɗin ɗakin hutu na ga an fitar da Joe Burrow, kwatabak ɗin ƙungiyarmu ta Bengals, daga fili a 'yar mota, gwiwarsa ta hagu ta samu mummunan rauni a wasa da Washington. Da zaɓen 2021 ya zo, kullum musun da ake yi a wurin aikinmu ke nan: a ɗauko Penei Sewell ya tsare shi, ko mai cafe ƙwallo Ja'Marr Chase da suka yi jami'ar LSU tare. Bengals suka ɗauki Chase. A kakar nan an kayar da Burrow sau 51, ya fi kowa. A wasan sili ɗaya ƙwale da Tennessee an kayar da shi sau 9, duk da haka suka ci 19 da 16, har suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl, Rams ta doke su 23 da 20. To ka ga yana yiwuwa, in akwai mutum ɗaya da ya san inda za ka jefa tun kafin ka jefa. Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan ɓoye wa mahaifiyar yaron ba: a 2023 ma rauni a wuyan hannu ne ya katse wa Burrow kaka tun a Nuwamba. Fargabarta tana kan hanya.

Ɗan Zango, Chicago:
Anti, masu cafewa kaɗai ba sa isa. A 2024 Caleb Williams, kwatabak ɗin ƙungiyarmu ta Bears, yana da DJ Moore da Keenan Allen da Rome Odunze, amma an kayar da shi sau 68, aka doke mu wasa 10 a jere. A cikin wata ɗaya aka kori mai tsara hari, aka kori babban koci. Na je filinmu na Soldier Field cikin sanyin Disamba, yaro yana riƙe ƙwallo yana zagaye, muna ta ihu ya jefa, shi kuma alama ta nuna bai san muryar wa zai bi ba.

Malam Koci, Bronx:
Baban Yara, ina taimaka wa wata ƙungiyar yara a unguwarmu, mun taɓa shiga halin da ɗanka ke ciki. 'Yan gabanmu ba sa iya riƙe kowa, namu kwatabak ɗin siriri ne. Ba mu iya ƙara musu jiki ba, sai muka rage lokacin da ƙwallo ke yi a hannunsa. A atisaye ina tsayawa bayansa da usur: ɗaya, biyu, in na kai uku bai saki ba sai in busa, a sake daga farko. Muka daina jifa mai nisa, sai gajeru, ko ya gudu gefe ya jefa. Na kuma koya masa cewa in ya fita gefe bai ga kowa ba, ya wurga ta waje, ba abin kunya ba ne. Makonnin farko haushina yake ji, yana ganin na hana shi nuna bajinta. Ba mu ci wasanni da yawa ba, amma ya gama kakar da ƙafarsa, kuma yana ɗaga kai ya duba fili.

Ka je atisaye da kanka, ka tambayi kocin nan me ya tsara tunda ya san 'yan gabansa ba su da ƙarfi. In ya ce yaron zai saba da duka, ka ji maganar mahaifiyarsa. Kuma kowace jiha a Amurka tana da dokar da ta ce a fitar da ɗalibi daga wasa in ana zargin ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Jihar Washington ce ta fara a 2009, Ohio ma tana da tata. In ɗanka ya dawo gida yana ciwon kai, ko hasken fitila na damunsa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, kada ya koma fili sai likita ya sa hannu, ko da koci ya kira ka.