Masu yin yawut a gida, injin ɗumamawa zan fara saye ko kongelater?

Maman Zainabu:
Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Don Allah shawara nike nema wurin masu sani. Ina yin yawut a gida nan unguwar Zariya ta Maraɗi, da madarar gari, wani lokaci in na samu nonon shanu mai kyau in haɗa. Yanzu masu butik biyu sun ce in riƙa kawo musu kullum, ke nan sai na kai lita 20 a rana, kuma kayan da ke gare ni ba za su ɗauka ba, ƙaramin risho na gaz ne da firigon ɗaki wanda muke sa ruwan sha da cefane. Maigida ya ce zai taimaka da jika 250 na sefa. Wani mai saida kaya a babbar kasuwa ya nace in sayi injin yawut mai aiki da kuran, wai shi ke riƙe ɗumin da kanshi, ƙawata kuma ta ce kar in saurare shi, kongelater zan saya, wato firigo mai daskarar da abu. Kuɗin ba su isa duka biyun. Damuwata ita ce lokacin zafi yawut ɗin ya yi tsami da wuri ya saki ruwa a sama, lokacin ɗari kuma sai ya kwana bai kama ba. Wanne zan fara saye?

Hajiya Indo:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin ki taɓa jika 250 ɗin nan ki je ki sayi termometar na abinci mai dogon tsinke, ba shi da tsada, kuma rabin matsalarki nan take. Yawancinmu da yatsa muke gwada ɗumi, kuma yatsa lokacin ɗari daban yake ji da lokacin zafi.

Ki dafa madarar ta kai digiri 85 ki riƙe ta nan kamar minti 20 zuwa 30 kina motsawa, wannan dahuwar ita ke sa ya yi kauri ya daina sakin ruwa, ba wai kashe ƙwayoyin cuta kaɗai take yi ba. Sannan ki sauke ta huce zuwa 43 ko 45, sai ki zuba iri, wato ɗan yawut da ya riga ya kama, kamar cokali biyu na cin abinci a kowace lita. In ta wuce 50 kika zuba, kin fara kashe irin da hannunki. Daga nan ki rufe ki bar shi awa 4 zuwa 6 ba girgizawa.

Maganar injin ɗumamawa kuwa, ni dai ban ga dalilinshi a Maraɗi ba. Watan Afrilu da Mayu garin da kanshi yana wuce digiri 40 da rana, mi za ki ɗumama? Disamba da Janairu ne kawai ake shan wuya, shi ma babbar kula irin ta masu saida ƙanƙara ta isa. Ki ɗauraye cikinta da ruwan zafi, ki sa bokitin madarar a rufe, ki jera buteli biyu ko uku na ruwan ɗumi a gefe, ki rufe ki lulluɓa bargo. Ko an ɗauke wuta babu ruwanki. Injin kuwa ana ɗauke wuta a tsakiyar aiki ya tsaya.

Abin dahuwa ki samu babban murhun gaz mai ƙafa uku da tukunya mai kaurin gindi, in da hali ta inoks, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Siririyar tukunya tana kama madara ta ƙasa, kuma ƙaurin nan ko sukari nawa kika zuba ba ya ɓoyuwa.

Sani mai gyaran firigo:
Hajiya ta gama magana kan ɗumi, bari in yi ta ɓangarena. Hajiya Maman Zainabu, tsamin da kike gani lokacin zafi ba laifin iri ba ne, rashin sanyi da wuri ne. Ƙwayoyin da ke kama nonon ba su san kin gama ba, aiki suke ci gaba da yi har sai sanyi ya tsaida su, wajen digiri 4 zuwa 5. In kika ɗauki bokitin lita 20 mai ɗumi 43 kika tura cikin firigon ɗaki, motar firigon, wato kwampiresa, za ta yi ta gudu dare guda tsakiyar bokitin bai yi sanyi ba, ga yara suna buɗewa suna ɗaukar ruwa, kafin safe ya yi tsami, kuma kwampiresar ke shan wahala, irin su ake kawo min shago kullum lokacin zafi.

Don haka kongelater ɗin kwance za ki saya, mai murfi ta sama. Iska mai sanyi ƙasa take zama, in kin buɗe ba ta zubowa waje kamar ta firigon tsaye, kuma in aka ɗauke wuta ya fi riƙe sanyi. In kin je saye ki duba takardar da ke manne a bayanshi, akwai wurin da aka rubuta klas. In kin ga T shi aka yi don zafi har digiri 43, ST har 38, N kuwa 32 ne iyakarshi. Wasu cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai N ne, fes a ido amma ba don garinmu aka ƙera su ba.

Sai dai kongelater daskarar da abu yake yi, yawut kuma in ya daskare ya narke sai ya tsinke. Maganin wannan akwai wata ƴar na'ura STC-1000, masu haɗa giya a gida can Turai da Amurka ita suke sawa don riƙe sanyin da suke so, mu kuma ta yi mana amfani a nan. Tana da waya mai jin sanyi da ake sawa cikin kongelater, ki saita ta a 4, in ya kai sai ta yanke wutar, in ya ɗaga ta maido. A sa mai gyara ya haɗa miki, kuma ya saita jinkirin kwampiresa aƙalla minti 3 don kar ta riƙa tashi tana mutuwa a jere. Ragowar kuɗin ki sayi regilater mai daidaita ƙarfin wuta, wutar da ke zuwa da rauni ta fi ɗaukewar wuta kashe mota.

Abdul Ali Ɗan Sofo:
Ni a ganina Anti ki tafi sola kai tsaye ki huta, pano da batir da kongelater mai aiki da DC, wato wutar batir, rana ce muke da ita kyauta.

Sani mai gyaran firigo:
Ƙanena sola abu ne mai kyau amma ba da jika 250 ba in har da kongelater a ciki. Mota in za ta tashi tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in tana gudu, ƙaramin kombatisa, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, ba ya ɗauka, sai ka ji yana kuka ya mutu. Maman Zainabu ta fara da abin da ke hannu, ta jera butelin ruwa su yi sanyi sosai a ƙasan kongelater, su ne batirinta in an ɗauke wuta. In sana'a ta kankama sai a yi zancen pano.

Maman Zainabu:
Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malam Sani, wallahi kun buɗe min ido. Saura abu ɗaya, saukar da madarar daga 85 zuwa 45 yana cinye min lokaci sosai, lita 20 kuwa ban san awa nawa za ta yi ba. In zuba ƙanƙara a ciki ne?

Hajiya Indo:
A'a ɗiyata, kar ƙanƙarar kasuwa ta shiga cikin madarar da kika dafa, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma za ta tsinka miki ita. Ki tsoma tukunyar cikin babban baho na ruwan pompo ko na randa, ki riƙa motsa madarar da ludayi mai tsabta, ruwan bahon na yin zafi ki juye shi a wani mazubi ki sake sabo, wancan ya yi miki wanke-wanke. Ƙanƙara ita kaɗai sai kin narkar da kusan kilo 10 kafin lita 20 ta sauko, asara ce, ki bar ta sai ruwa na ƙarshe in kin ga ya ƙi sauka. Da termometar ya nuna 46 ki fidda tukunyar, don kafin ki kawo iri ta ƙara sauka. In ya kama kuma ki ƙulla shi a leda ko ƙananan robobi, ki tsoma su cikin ruwan ƙanƙara kamar rabin awa sannan ki jera a kongelater, kar ki cunkushe su, ki bar ɗan fili tsakaninsu sanyi ya ratsa.